Zaman Majalisa da Kai Labari ga Talakawa: Jawabi ga Uwayen Ƙasa da Malamansu a Jega da Aliero da Maiyama

An shirya wannan jawabi ne domin uwayen ƙasa da malamansu na gundumomin da ke cikin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, a ƙasar Gwandu. Kafin a shiga magana ya kamata a daidaita sunaye, gama sun bambanta daga lardi zuwa lardi. A ƙasar Gwandu da ta Sakkwato uban ƙasa a ke ce wa shugaban gunduma, hakimi kuwa shi ne na ƙauye, wanda Kanawa ke kira dagaci. Al'adar ƙasar za a bi a nan. Inda aka ce malami kuma, malamin ofishin uban ƙasa a ke nufi, mai riƙe da littattafai da wasiƙu.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa rabon ƙananan hukumomi 774 daga baitulmalin Tarayya a riƙa ba su shi hannu da hannu, kada ya tsaya a hannun gwamnatocin jihohi. Ta kuma ce ba a yarda a sauke zaɓaɓɓun shugabanni a naɗa kwamitin riƙo a madadinsu ba. A cikin shekarar da ta biyo bayan hukuncin aiwatar da shi ya yi tafiyar hawainiya, an kuwa yi ta gardama a kansa. Amma duk yadda gardamar ta ƙare, abu guda ya tabbata. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da a ke rabawa, kuma yawan abin da ya sauka a ofishin ƙaramar hukuma, yawan nauyin abin da a ke yankewa a zauren majalisarta. Zaman da a da a kan ɗauke shi gaisuwa da shan inuwa, yanzu shi ne wurin da za a ce rijiya ta tafi wannan ƙauye ko wancan. Saboda haka tilas ne uban ƙasa ya san ranar zama, ya san abin da za a tattauna, ya san abin da aka yanke, jama'arsa kuma su ji daga bakinsa kafin su ji a bakin kasuwa.

Ba yau aka fara wannan magana ba. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo shawara a binciki tsarin En'e a gyara shi, dalilinsa kuwa shi ne talaka ba shi da bakin magana cikin sha'anin da a ke yi da harajinsa. Shawarar ta wuce da ƙyar. A 1952 aka kawar da mulkin sarki shi kaɗai, aka ce Sarki da Majalisa, sa'an nan dokar En'e ta 1954 ta shimfiɗa ƙa'idar majalisun gunduma da na ƙauye da na gari. A wannan shekara ce Sarkin Gwandu Yahaya ya rasu, Sarki Haruna ya hau, wanda daga baya ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Kaduna, ya kuma riƙe sarauta har 1995. A zamanin nan uban ƙasa shi ke zama shugaban majalisar gundumarsa, malaminsa shi ke rubuta abin da aka faɗa, a kan ware wa gunduma ɗan abin da za ta yi rijiya da rumfunan kasuwa da gyaran hanya. Labari kuma ya kan iso ƙauye ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Zaruma, jaridar Lardin Sakkwato, waɗanda suka fito ajin Yaƙi da Jahilci su ke karanta wa sauran jama'a a ƙofar fada.

Daga 1968 zuwa gaba kaɗan aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, aka raba aikin mulki da na sarauta. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, hedkwatarta Birnin Kebbi, inda Sarkin Gwandu ke zaune. Haraji da jangali, waɗanda a da su ne ginshiƙin baitulmali kuma su ne babban aikin malami, sun daina zama haka tun tuni.

To, wane matsayi uban ƙasa ya ke da shi yau? Ba shi da ƙuri'a a majalisar ƙaramar hukuma. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, watau ciyaman da mataimakinsa da kansila ɗaya daga kowace mazaɓa. Jega tana da mazaɓu 11, Maiyama 11, Aliero 10. Wanda ya dubi wannan kaɗai sai ya ce an mai da uban ƙasa ɗan kallo. Amma a dubi lissafin mutane. Ƙidayar 2006 ta ba Jega mutum sama da 190,000, Maiyama sama da 170,000, Aliero kuwa ba ta kai 70,000 ba, an kuwa ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Kansila ɗaya a Jega ko Maiyama yana wakiltar mutum sama da dubu goma sha biyar ke nan ko a wancan lissafi, wa'adinsa kuma gajere ne. Ba yadda za a yi ya san kowace mashaya da kowace makabarta. Uban ƙasa da hakimansa da masu unguwanni su ne suka san su, su ne kuma za su kasance nan bayan an sake zaɓe sau uku. Ikon yankewa yana hannun majalisa, sanin ƙasa yana hannun sarauta, shawarar da aka yanke babu ɗayansu kuwa ba ta cika kai ƙarshen damina ba.

Ya kamata kowane malami ya san ayyukan da Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma, domin kada ya ɓata takarda yana kai kuka inda ba a da maganinsa. Kasuwa da tashar mota da mahauta da makabarta nata ne. Haka nan ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da lasin kekuna da amalanke da kwalekwale, da lura da shaguna da gidajen abinci da na burodi. Tana kuma da hannu tare da Gwamnatin Jiha cikin makarantun firamare da ilmin manya da asibitocin karkara da aikin gona. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega ta nufi Koko da Yawuri ta Tarayya ce. In rami ya ɓulla a kanta, abin da majalisa za ta iya shi ne ta rubuta ta tura gaba. In kuwa kwata ce ta toshe a bayan rumfunan mahauta, ba wanda za a jira, aikin majalisa ne.

Zama mai amfani tun kafin ranarsa ya ke farawa. In takardar kiran taro ta iso ofishin uban ƙasa, ko taron tsaro ne, ko na kasafin kuɗi, ko na rigakafi, malami ya rubuta ranar da ta iso da sa'ar, ya karanta wa uban ƙasa ita a ranar, kada ya bari sai daren zama. Sa'an nan a aika wa hakiman da abin ya shafa su kawo abin da ke bakin mutanensu. Uban ƙasar da ya shiga zaure da takarda mai cewa ƙauye kaza rijiyoyinsa uku ne, biyu sun ƙafe tun watan Maris, mata suna tafiyar sa'a guda neman ruwa, maganarsa ta fi ta wanda ya tashi ya ce jama'a suna cikin wahala. Na farko ya ba majalisa abin da za ta sa cikin kasafi. Na biyu kowa zai gyaɗa masa kai, a tashi.

Taron da uban ƙasa ya kira da kansa kuma a lura da lokacinsa. Kada a sa shi ranar kasuwar garin, kada a sa shi da hantsi cikin damina sa'ad da kowa ke gona, kada a sa shi a Aliero ana tsakiyar cirar albasa. Wanda ya kira taro a irin wannan lokaci zai sami 'yan zaman fada da marasa aiki, ya ɗauka ya ji ra'ayin gari. A kuma tuna da waɗanda ba su saba zuwa ba sai an kira su da suna: ardon Fulani, da sarkin ruwa, da sarkin pawa, da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, da baƙin da suka zauna cikin gari suna sana'a. Mata ba su cika zama a zauren fada ba, amma maganar ruwa da awon ciki da makarantar 'yan mata tasu ce kafin ta kowa, sai a nemi ungozoma da shugabannin ƙungiyoyinsu a ji ta bakinsu, a rubuta, a karanta a zauren.

Yanzu sai maganar littafin zama, wanda shi ne zuciyar aikin malami. Littafi ne ɗaure, mai lambar shafi, ba fallayen takarda da iska za ta ɗauka ba. A kan kowane zama a rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko uzuri. Ba a bukatar malami ya kwashe duk abin da kowa ya faɗa, gama wannan ba ya ƙarewa, kuma ya kan jawo husuma in an karanta. Abin da a ke bukata ga kowace magana shi ne abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aikin, da ranar da zai kawo bayani, da kuɗin da aka ambata in akwai. A ce an yi maganar gyaran rumfunan kasuwa. In malami ya rubuta cewa an tattauna an kuma yi addu'a, bai rubuta kome ba. In ya rubuta cewa an ɗora wa sarkin kasuwa ya ƙidaya rumfunan da suka rushe ya kawo adadinsu ranar kaza, uban ƙasa kuma zai kai wa ciyaman, to, a zama na gaba akwai wanda za a tambaya. Farkon aikin kowane zama shi ne a karanta na baya da ƙarfi, wanda ya ga kuskure ya faɗa, a gyara a gefen shafi, uban ƙasa ya sa hannu. Kada a kankare, kada a yage shafi. Wanda ya ƙi yarda da abin da aka yanke yana da hakkin a rubuta cewa bai yarda ba, malami kuwa kada ya ji nauyin rubutawa, domin ranar da abin ya ɓaci wannan layi ɗaya shi zai nuna an yi shawara da gaske.

Akwai malaman da su ke ganin wayar hannu ta ɗauke musu wannan wahala, tun da ana iya ɗaukar murya a tura ta WhatsApp. Waya tana da amfaninta wajen kira da tunatarwa, hoton shafi kuma ya kan tsirar da abin da gara ko ruwa za su ci. Amma waya ta kan ɓace, ta kan lalace, ta kan bi mai ita in an yi masa canji. Littafi na ofis ne. Ga shi kuma tun 2011 akwai dokar Tarayya da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayanin aikin hukuma a rubuce, samarin da suka yi karatu kuwa sun san da ita.

Garuruwan nan uku kowane da abin da ya fi cika zaurensa. Jega garin kasuwa ne tun asali. Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, Abdussalamin nan na Gimbana wanda harin da aka kai wa jama'arsa a ƙarshen 1803 ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Cikin ƙarnin nan kasuwar Jega ta shahara har fatake suna zuwa daga nesa, har yau kuma a nan hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da ta Sakkwato zuwa Yawuri. Inda kasuwa da tasha su ke, nan kuɗin shiga na ƙaramar hukuma ya ke, nan kuma rigima ta ke. Abin da ya fi kawo ƙara shi ne karɓar kuɗi babu rasit, da karɓa sau biyu a kan kaya ɗaya, da raba rumfa a ɓoye. Uban ƙasa ba shi ne mai karɓa ba, kada kuma ya yarda a karɓa da sunansa. Abin da zai nema a zama shi ne a rubuta kuɗin kowane abu a allo a kafa a bakin kasuwa, da boko da ajami, yadda mai tallan da ta zo daga ƙauye za ta sami wanda zai karanta mata.

Ga kuma gulbi. Gulbin Zamfara, wanda a nan a ke kira Gulbin Gindi, shi ke ba da fadamar shinkafa, shi ne kuma ke cinye ta. Ambaliyar 2020 ta halaka gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi ana dab da girbi, alhali manoma da dama sun ci bashi sun zuba a ciki, gama tun Nuwamba 2015, da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya ƙaru ƙwarai. Kowace shekara kafin damina hukumomin Tarayya masu duban yanayi da masu awon ruwa su kan fitar da hasashensu, har da sunayen ƙananan hukumomin da a ke jin tsoron ambaliya. Wannan labari ba shi da amfani in ya tsaya a Abuja ko a Birnin Kebbi. Malami ya neme shi, uban ƙasa ya tara hakiman bakin gulbi da sarkin ruwa, a san tudun da za a kai mutane da dabbobi, a san masu jirage, a hana lodin da ya wuce kima. In ruwa ya zo, lissafin ɓarna a yi shi gida gida, gona gona, a cikin kwanakin farko. Malamin da ya ƙara sunayen 'yan'uwansa cikin jerin waɗanda za a ba taimako ya cuci gundumarsa duka, domin da zarar an kama ƙarya ɗaya ba a sake gaskata takardar da ta fito ofishin nan.

Aliero kowa ya san ta da albasa da masu ɗori, tun 2006 kuma da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Albasa ta kan faɗi warwas lokacin cira, ta yi tsada bayan watanni, mai iya ajiya shi ke cin riba, ajiyar kuwa ruɓa da gobara ke bin ta. Saboda haka maganar filin ajiya, da tazara tsakanin rumbuna, da wurin da manyan motoci za su tsaya su yi lodi ba su tare hanya ba, magana ce ta majalisa, a kuma yi ta kafin kaya su iso. Jami'a ta kawo baƙi, baƙi sun kawo haya da cinikin filaye. Duk takardar filin da za a kawo wa uban ƙasa ya sa hannu, malami ya shigar da ita littafi da iyakokinta huɗu da shaidunta, ya kuma duba ko an taɓa sayar da wurin. Rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ta kan ci shekaru a kotu, sunan wanda ya sa hannu kuma yana cikinta har ta ƙare.

Maiyama ta fi sauran biyu faɗin ƙasa, garuruwanta kuma a warwatse su ke, irin su Andarai da Mungadi da Sambawa da Karaye. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne zaman manoma da makiyaya, wanda ya kamata a yi shi sau biyu: kafin shuka, domin a bi burtali da mashaya a ga inda gona ta ci, da kafin girbi, domin a sa ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki. Ranar nan a yanke ta gaban kowa, a rubuta, sanƙira ya yi shela, a faɗa a masallatan Juma'a, a aika rugage. Rabin faɗan kaka daga nan ya ke tasowa, wani ya ji rana kaza, wani ya ji wata.

Kai labari fasaha ce, ba a kuwa cika ba ta hakkinta ba. Sanarwar da ta fito daga ofishin ƙaramar hukuma sau da yawa da Turanci ta ke zuwa, da dogayen kalmomi. Aikin malami ne ya mai da ita Hausar da tsohuwa za ta gane: me za a yi, ina, yaushe, wa ya shafa, da kuɗi ko kyauta. Wannan na ƙarshe kada a manta da shi, gama inda ba a ce kyauta ne ba, wani zai tsaya a ƙofa ya karɓi kuɗi. Abin da sarakuna suka yi a kan shan inna ya isa misali. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni suka bi gida gida tare da masu ɗigo, har a watan Agusta na 2020 aka shaida cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Nijeriya. Maganin yana nan tun da daɗewa, abin da ya rasa a baya shi ne bakin da jama'a suka yarda da shi. Wannan yarda dukiya ce, tana kuwa ƙarewa in aka yi shelar abin da bai tabbata ba. In ba a san ranar da taki zai iso ba, kada a sa rana.

Tarukan gari, irin su hawan salla da naɗin sarauta da saukar karatu da musabaƙa da aikin gayya, ba su bukatar dogon bayani, kowa ya san yadda a ke yin su. Abin lura kaɗai shi ne a sanar da ƙaramar hukuma da 'yan sanda da wuri, a kuma rubuta abin da aka tara na gudummawa da yadda aka kashe shi, a karanta wa waɗanda suka bayar. Lokacin zaɓe kuma ƙofar fada a buɗe ta ke ga kowace jam'iyya daidai wa daida, wanda ya zo gaisuwa a karɓe shi a yi masa addu'a, amma sanƙiran fada ba ya shelar taron jam'iyya, littafin ofis kuma ba ya fita zuwa gidan ɗan takara.

A ƙarshen kowane wata malami ya haɗa rahoto ɗaya, kofe uku: ɗaya zuwa Majalisar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, ɗaya zuwa sakataren ƙaramar hukuma, ɗaya ya zauna a ofis. A ciki a sa zaman da aka yi da abin da aka yanke, da halin ruwa da amfanin gona da farashin hatsi a kasuwa, da cutar da ta ɓulla ga mutane ko dabbobi, da baƙin da suka sauka ba a san su ba, da rigimar da aka sasanta da wadda aka tura gaba. Abin da aka roƙa a watan jiya ba a sami amsa ba, a sake rubuta shi da ranar da aka fara roƙo, a yi ta maimaitawa kowane wata har amsa ta zo. Labarin annoba da na tsaro kuwa ba ya jiran ƙarshen wata, a kai shi a ranar, da waya tukuna, takarda ta biyo baya.